Laraba: Koren Fenti da Lissafin Haske

Tun da safe na buɗe DIALux evo, manhajar tsarawa da lissafin hasken fitilu, domin kammala tsarin fitilun ɗakin karatu na wani gini da aka ba ofishinmu. Wannan manhaja ta kamfanin DIAL ce da ke Jamus, kuma ita hannuna ya fi sabawa da ita, ko da yake abokin aikina ya fi son Relux ta ƙasar Suwizalan. Abin da ake nema a irin wannan ɗaki sananne ne, domin ƙa'idar Turai ta EN 12464-1 ta tanadi luks 500 (luks shi ne ma'aunin hasken da ke sauka a kan wuri) a kan teburin karatu, da daidaiton haske da bai gaza 0.6 ba, wato kada wurin da ya fi duhu ya kasa kashi 60 cikin ɗari na matsakaicin hasken, sannan ma'aunin haske mai kashe ido, wanda ake kira UGR, kada ya wuce 19. Tsarin da na bari jiya ya cika waɗannan sharuɗɗa duka.

Da hantsi sai mai zanen ginin ya kira ni ya ce mai ginin ya sauya ra'ayi, yanzu koren fenti mai duhu yake so a bango maimakon fari. Shi a wurinsa maganar ado ce kawai, amma ni na san lissafi ya tashi. Manhajar ba hasken da ke saukowa kai tsaye daga fitila kaɗai take ƙidayawa ba, har da wanda ke dukan bango da silin da daɓe ya dawo kan tebur, kuma a bisa al'adar wannan aiki ana ɗauka cewa silin yana mayar da kashi 70 na hasken da ya same shi, bango kashi 50, daɓe kashi 20. Da na rage na bango ya dace da fenti mai duhu na sake lissafi, teburan tsakiya ba su canza sosai ba, amma waɗanda ke jere a gefen bango suka faɗo ƙasa da luks 500, daidaito ya lalace, UGR kuma ya hau, tunda fitila ta fi kashe ido idan abin da ke kewaye da ita duhu ne.

Mai zanen ginin ya ce mini, "Injiniya, ai hoton da ka turo ya yi kyau, me zai hana mu bar shi haka?" Na ce masa, "Malam, bari in turo maka ɗaya hoton." Na aika masa da wanda manhajar ke fitarwa da launukan awo, inda kowane launi ke wakiltar adadin luks, sai ga shuɗi ya zagaye ɗakin ta gefen bango, daidai inda aka shirya ajiye kujerun masu karatu su kaɗai. Hoton ado yana iya ruɗar mutum, domin allon kwamfuta da idon mai kallo suna gyara duhu da kansu, alhali mai karatun da zai zauna a kusurwar nan awa uku ba shi da wannan gata. Wannan ne ya sa ba na yarda a yanke hukunci da hoton ado kaɗai.

Ban ƙara wa fitilun tsakiya ƙarfi ba, domin hakan zai ɗaga matsakaici ne ya bar gefe a baya. Na jera fitilu masu wanke bango da haske, na matso da layin ƙarshe kusa da teburan gefe. A nan ne kuma wani dillalin fitilu ya turo mini takardar talla mai ɗauke da wat da lumen (jimillar hasken da fitila ke fitarwa) kawai, na mayar masa da amsa cewa sai ya kawo fayil ɗin IES ko LDT, wanda ke nuna yadda fitilar ke rarraba haskenta ta kowace kusurwa kamar yadda aka auna a ɗakin gwaji. Fitilu biyu masu lumen iri ɗaya suna iya bambanta ƙwarai, ɗaya ta tara haske a ƙarƙashinta, ɗaya ta baza shi. Na kuma bar ma'aunin tsufa a 0.8 saboda ƙura da raguwar ƙarfin LED, ma'ana sabon ɗaki zai fara da kusan luks 625 kafin ya sauko zuwa 500.

Bayan azahar na koma filin ajiye motoci. A nan ƙa'idar EN 12464-2 ke aiki, kuma tana neman luks 5 ko 10 ko 20 gwargwadon yawan zirga-zirga, na ɗauki 10. Tsohon zanen da aka kawo mana ya karkata fitilun sama don hasken ya kai nesa, amma da na kafa shafin awo a kan tagogin gidajen da ke maƙwabtaka, sai na ga haske yana shiga ɗakunan kwanan mutanen da ba su roƙe shi ba, wani kuma yana tafiya sama a banza. Na kwantar da fitilun, na zaɓi masu jefa haske gaba ba tare da an karkata su ba, na sa launin haske mai ɗumi na kelbin 3000 maimakon 4000 da na yi amfani da shi a ciki. Na kuma zana bishiyoyin da ke layin kudu da hannuna, domin manhajar ba ta san da su ba sai an faɗa mata, kuma hakan ya tilasta mini matsar da turke ɗaya.

Kafin in tashi na aika wa mai zanen ginin rahoton, tare da roƙon ya samo mini ainihin adadin hasken da fentin ke mayarwa daga kamfanin da ya yi shi. Gobe zan shiga fitilun gaggawa, inda ƙa'idar EN 1838 ke neman aƙalla luks 1 a kan hanyar fita.