Yadda Hazo ta shigo gidanmu cikin hunturu

A Zariya ba mu da gidan ajiye karnukan tsintuwa irin na Turai, inda mutum zai je ya cike takarda ya zaɓi wanda ransa ya kwanta da shi. Namu suna bakin bola, da bayan rumfar mahauta, da ƙarƙashin matattun motoci a garejin makanikai. Da damina suna lallaɓawa. Hunturu ne ke gamawa da ƙananansu. Daga Disamba zuwa Janairu, in iskar arewa maso gabas ta kwaso ƙurar Sahara ta lulluɓe gari, mu sai mu sa rigar sanyi, mu shafe ƙafa da man kaɗanya, mu kewaye wuta. Babban kare ya tona rami ya nannaɗe a ciki. Ɗan kwikwiyo kuwa jikinsa bai iya riƙe ɗumi ba tukuna, in babu uwa a kusa dare ɗaya na iya kai shi.

Tawa a bayan teburin mai shayin bakin layinmu na same ta, ina dawowa daga sallar asuba. Ta shige cikin tokar murhu don neman sauran ɗumin daren jiya, har gashin gefen cikinta ya babbake. Ana iya ƙirga haƙarƙarinta daga nesa, kunnuwanta cike da kaska, wuyanta duk ƙazuwa. Mai shayin ya ce, "Malam, uwarsu mota ta take a titin Sakkwato. 'Yan'uwanta sanyi ya kwashe su. Ita ma yara ba sa barinta, da jifa suke binta." Na roƙe shi kwalin taliya, na sa buhu na ɗauke ta, ban taɓa ta da hannu ba. Launin jikinta toka-toka ne, yara suka sa mata suna Hazo.

Da na shiga gida uwargida ta tsaya da tsintsiya a hannu. "Malam, kare a gidan nan? Ina yara, ina kayan sallarmu?" Hajiya kuma daga ɗakinta ta tuna mini cewa mala'ikun rahama ba sa shiga gidan da ke da kare. Ban yi musu da ko ɗaya ba, domin maganarsu tana da tushe. Hadisi ya zo cewa wanda ya riƙi kare ba don farauta ko kiwo ko tsaron gona ba, ladansa yana raguwa kullum. Amma mu a bakin gari muke, muna da turken awaki da akurkin kaji, kuma bara an haura mana katanga an ɗauke tunkiya. A mazhabar Malikiyya da muka tashi a kanta, kare mai rai ba najasa ba ne, sai dai in ya sa baki a ƙwaryar ruwa a zubar a wanke ta sau bakwai. Malamanmu na zaure ma suna ba da labarin Ibn Abi Zaid Alƙairawani, mai Risala, cewa katangar gidansa ta faɗi sai ya ajiye kare. Aka ce masa ai Imamu Malik ya ƙi haka, ya ce da Malik ya riski wannan zamani da zaki zai ajiye. Abin da ya fi taɓa Hajiya kuwa shi ne hadisin mutumin da ya sauka rijiya ya ciko huffinsa da ruwa ya shayar da kare mai ƙishi, Allah ya gafarta masa. Ta yi shiru, can ta ce, "To, amma ba za ta taka mini tsakar gida ba."

A kan haka muka tsaya, kuma har yau ba a karya ba. Wurinta yana garka, kusa da awaki. Tana da kaskonta na abinci da na ruwa, ba mai haɗa su da kwanukan gida. Na jingina tsohon kwanon rufi a jikin katanga ta ɓangaren da iska ba ta bugowa, na shimfiɗa kwali, na ɗora buhun algarara, don simintin ƙasa shi ke zuƙe ɗumin jiki da dare. A makon farko nakan cika gorar roba da ruwan ɗumi, in naɗe ta da tsumma in ajiye mata. Sai ta manne da ita ta yi barci, kukan dare ya ragu. Abinci kaɗan-kaɗan muka fara, ƙanzo jiƙaƙƙe da romon kan kifi, domin cikin da ya daɗe da yunwa ba ya ɗaukar lodi lokaci guda.

Wani maƙwabci ya ce in shafe ta da baƙin man inji, wai shi ne maganin ƙazuwa. Don Allah kada kowa ya yi haka. Dabbar za ta lashe shi, kuma guba ne. Asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru na kai ta. Aka duba haƙoranta aka kimanta shekarunta, aka ba ta maganin tsutsar ciki, aka yi mata allurar ƙazuwa, aka nuna mini yadda ake cire kaska ba tare da kanta ya maƙale a fata ba. Aka ce kada in yi mata wanka da safe cikin wannan sanyi, in bari sai rana ta take. Da ta ɗan murmure, ta kuma wuce wata uku, sai aka yi mata allurar rigakafin ciwon haukan kare, aka ba ni kati.

Wannan allurar ita ce abin da na fi so mai karatu ya riƙe. Tausayi kaɗai ba ya wadatarwa in za ka ɗauko kare daga titi, domin ba ka san abin da ya cije shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai a tsira. Shi ya sa na hana yarana wasa da ita har sai da likita ya amince. Na kuma koya musu cewa duk wanda kare ya ciza ko ya yakusa, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, sannan a garzaya asibiti a ranar, kada a tsaya shafa gishiri ko neman gashin karen. Rigakafin ba daga nesa yake ba. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos, wadda aka kafa tun 1924, tana yin na karnuka. Masana sun ce in aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan yanki allura, cutar takan daina yawo a tsakaninsu.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda masu hali a garuruwanmu ke kashe dubban ɗaruruwa su sayo karnukan waje masu cin abincin gwangwani, waɗanda zafin Afrilu ke galabaitarwa, alhali namu na gida, da mafarauta suka san darajarsu tun kaka da kakanni, ana jifansu a kan bola. Karen gida yana jure zafi, yana cin abin da muke ci, kunnensa kuma ba ya barci. Hazo ba ta cika shekara ba ta kashe gafiyar da ta addabi rumbunmu, kuma tunku ya daina ɗaukar mana 'yan tsaki.

Yanzu abin da ke gabana shi ne maganar haihuwa. Karya tana iya haihuwa sau biyu a shekara, kuma ba ni da inda zan kai 'ya'yan, ba na kuma so su ƙare a bayan teburin wani mai shayi. Likitan ya ce akwai aikin da ake yi mata ta daina ɗaukar ciki, na fara tara kuɗinsa. Wani dattijo mafarauci a unguwarmu ya ga katin allurarta ya tambaye ni, "Malam, nawa ake biya?" Karnukansa ba a taɓa yi wa ko ɗaya ba. Mun yi da shi ranar Asabar zan nemo Keke Napep mu kai su Samaru tare.