Intek ya hau, saura maganar garanti

'Yan uwa masu koyon taɓa mota, ga inda aiki ya tsaya a wajena. Na cire akwatin iska na kamfani na ɗaura buɗaɗɗen intek, wato bututun da injin ke zuƙar iska ta cikinsa, mai filta irin mai siffar mazurari ɗin nan, kuma motar har yanzu tana cikin garanti, shi ya sa yau maganar garantin zan fi yi, ba ƙarar tarbo ba, duk da ƙarar kam wallahi akwai daɗi idan ka ɗaga ƙafa daga totur.

Abin da ake yawan faɗa wai da zarar ka canja intek shi kenan garanti ya tashi gaba ɗaya, ba haka ba ne. Garanti alkawari ne kamfani ya yi cewa in wani abu ya lalace saboda kuskuren ƙira ko na haɗawa shi zai gyara, to in gilashin ƙofa ya daina hawa ko AC ya mutu ina ruwan filtar iska a ciki? A Amurka ma doka ce, Magnuson-Moss Warranty Act ta 1975, hukumar FTC mai kare masu saye ce ke kula da ita, kamfani ba shi da ikon soke maka garanti don kawai ka sa kayan da ba nasa ba, sai ya nuna cewa kayan ko yadda aka ɗaura su ne suka jawo lalacewar. A wasu ƙasashen kuma littafin garantin da aka ba ka da dokar kare masu saye ta wurin su ne madogara, don haka kowa ya buɗe nasa ya karanta wajen da aka jera abubuwan da ba a biya.

Amma fa kar doka ta sa ku saki jiki, don a aikace dila ne ke fara duba motar, shi zai rubuta rahoto ya tura wa kamfani, in ya rubuta cewa intek ne sila to motarka tana ajiye kai kuma kana ta kai da kawo, ko kana da gaskiya sai ka sha wuya kafin ka same ta. Kuma intek ɗin yana zaune ne a bakin injin, duk iskar da za ta shiga ta nan take bi, don haka jingina masa laifi ba wuya a kan tarbo, sensa, fistin, har katalitik.

Wajen da na fi daɗewa a kai shi ne sensar MAF, wadda ke auna yawan iskar da ke wucewa ta gaya wa kwamfutar mota ta zuba mai daidai gwargwado, wajen kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur a tafiya ta yau da kullum. Kamfani ya saita ta ne a kan faɗin bututunsa na asali. In sabon bututun ya fi faɗi a daidai inda sensar take, iska za ta wuce a hankali, sensa ta ƙirga ƙasa da abin da ya shiga, mai ya yi kaɗan, daga nan sai wutar injin ta kama a dashbod da lamba irin P0171 ko P0101. Mai ya yi kaɗan a motar tarbo lokacin da ka danna totur sosai ba ƙaramin abu ba ne, zafi ne da nokin, wato mai ya riƙa fashewa ba bisa ƙa'ida ba a cikin silinda, kuma irin wannan shi ne ainihin abin da kamfani zai ce ba laifinsa ba ne, kuma gaskiya a nan ba zan ga laifinsu ba. Wasu motocin sensar MAP, mai auna matsin iska, suke amfani da ita maimakon MAF, su wannan matsalar faɗin bututu ba ta cika damunsu ba.

Abin da na yi, kafin in kwance ko kusa ɗaya na jona sikana ta OBD2, na'urar karanta kwamfutar mota, na ɗauki fuwel tirim, wato yawan man da kwamfuta ke ƙarawa ko ragewa don daidaita shi da iska, motar tana yadda kamfani ya yo ta, a silo da kuma a kan titi, na ajiye. Bayan na ɗaura sabon na sake ɗauka. Tirim ɗin dogon zango ya ɗan matsa sama amma bai kai kashi 10 cikin 100 ba, wanda yawanci a nan ake cewa lafiya lau. Ku yi wannan don Allah, shi ne kawai abin da za ka iya nunawa in an ce intek ɗinka ya rikita mai.

Filta busasshiya na zaɓa. Masu mai ɗin nan suna aiki, amma in ka cika musu mai bayan wanki yana iya bin iska ya shafe wayar sensa, sai ta fara karanta ƙarya. Kuma ban ɗauki irin wanda ke sauka can ƙasa bayan bamba ba, saboda in ya zuƙi ruwa ya kai silinda, ruwa ba ya matsuwa, kwanrod ne zai lanƙwashe, wannan kam babu garantin da zai biya ko da akwatin kamfani ne ma balle naka.

Akwatin asali yana nan na nannaɗe shi da hos ɗinsa da kilam duka, rasit na intek da hotunan yadda na ɗaura su ma suna nan. Na san wasu na mayar da na kamfani kafin su kai sabis don kar a gani. Ni ban goyi bayan ɓoyewa ba, in an tambaye ni zan faɗa, don in aka kama ka da ƙarya a kan abu ƙarami duk wata magana taka ta gaba ta zube. Na ma je na tambayi mai karɓar motoci a wajen sabis tun kafin in saya, dilolin ba ɗaya suke ba, wani ko a jikinsa wani kuma yana ganin filta mai launi zai fara rubutu.

Ga wanda bai saya ba tukuna, akwai kayan da kamfanonin motar da kansu ke sayarwa, irin Ford Performance da TRD na Toyota da Mopar, waɗannan in dila ya ɗaura rigimar ta fi sauƙi nesa ba kusa ba, sai dai a karanta sharaɗin kowane kaya daban. Wanda ke California kuma sai ya duba lambar EO, wato lambar amincewa ta CARB, hukumar kula da tsaftar iska ta jihar, a jikin intek ɗin, in babu ba zai ci gwajin hayaƙi ba.

Tunin ɗin kwamfuta, wato canja manhajar kwamfutar motar don ƙara ƙarfi, shi ne na dakatar. Intek shi kaɗai ƙarin ƙarfin da yake bayarwa ɗan kaɗan ne, sai an haɗa da tunin ake jin bambanci na gaske, amma tunin yana ƙara matsin tarbo ya canja lokacin tartsatsi, kuma yana barin sawu a kwamfuta ko ka mayar da ita yadda take. Volkswagen da Audi har alama suke da ita, TD1, da ake liƙa wa motar da aka gano an taɓa mata manhaja. Garantin injin da giya a motoci da yawa shekara 5 ne ko mil 60,000, nawa bai ƙare ba, don haka zan jira. Abin da ke gabana yanzu shi ne canjin baƙin mai na gaba, zan ɗebi kaɗan in tura gwaji a duba yawan silikon a ciki, shi zai nuna ko sabuwar filtar tana barin ƙura ta wuce, in ya hau sama akwatin kamfani zai koma mazauninsa.