Tarihin Rayuwata, Kashi na Bakwai: Takardar da Na Ƙi Sa wa Hannu

A makon jiya na tsaya a inda aka damƙa mini makullin sito a kamfanin kayan gini da nake aiki. Aikin ba shi da wuya a ido: kaya ya shigo ka ƙirga, ka rubuta a littafi, ka sa hannu. To amma duk wanda ya taɓa riƙe sito ya san amanar tana kan sa hannun nan ne.

Wata rana dab da tashi, manaja ya kira ni ofis. Ya turo mini takardar karɓar kaya, an cike ta tsaf har da hatimi, wurin sunana kaɗai ya rage. Da na duba adadin, sai na ga ya kusa ninka abin da mota ta sauke da safe.

"Ranka ya daɗe, wannan ba shi ne abin da na ƙirga ba."

"Ragowar na hanya," in ji shi, ko ɗago kai bai yi ba. "Kai dai sa hannu, kowa zai sami rabonsa."

Na ajiye biro a kan tebur, na ce idan ragowar ta iso zan sa. Ba wani jarumta na ji ba, gwiwoyina rawa suke yi. Sai dai tun ina yaro a makarantar Lahadi aka dasa mini Karin Magana 11:1 a kai, cewa Ubangiji yana ƙyamar ma'aunin algus, kuma ban ga yadda takardar ƙarya ta bambanta da wannan ma'auni ba.

Da na faɗa wa matata, ta daɗe ba ta ce uffan ba. Can ta ce, "Maigida, kuɗin makarantar yara fa?" Ba ta jira amsa ba, ta kama hannuna muka durƙusa.

Abin da ya fi girgiza ni bai fito daga ofis ba, daga bakin wani ɗan'uwa ne da muke ƙungiyar mawaƙa tare. Shawararsa ita ce in sa hannu, in karɓi rabona, in fitar da zakka, sauran in riƙe iyali. Ai Allah ya san halin da ake ciki. Maganar tana da daɗin ji, kuma da kyakkyawar niyya ya yi ta. Amma tsohuwar dabara ce, Sarki Saul ya riga mu gwada ta. A 1 Sama'ila 15 an umarce shi kada ya bar kome na Amalekawa, shi kuwa ya bar Agag sarkinsu da rai, ya ware tumaki da shanu mafi kyau. Da annabi Sama'ila ya tambaye shi kukan tumakin da yake ji, sai ya ce ai don a miƙa wa Ubangiji hadaya aka kawo su. Amsar da ya samu a aya ta 22 ita ce biyayya ta fi hadaya, kuma a ranar aka shaida masa cewa an ƙi shi a sarauta. A ganina, yawancin rashin biyayyarmu mu masu zuwa sujada haka yake zuwa, a lulluɓe da sunan aikin Allah.

An karɓe makullin, aka mai da ni wani benci a bakin ƙofa ba aikin fari ba na baƙi. Da aka tashi rage ma'aikata, sunana ne a sama. Ana cewa ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi, to ni dai ta huda mini aljihu.

Ina yawan jin shaida a ikilisiya: na ƙi cin hanci ranar Litinin, ranar Jumma'a aka ƙara mini girma. Ba na ƙaryata kowa, amma ni ba haka tawa ta kasance ba. Wani dattijon ikilisiyarmu ne ya zaunar da ni a lokacin da na fara gunaguni. Ya ce, "Ɗana, ka yi lissafi. Yusufu yana da shekara 17 a farkon labarinsa, sai da ya kai 30 ya tsaya gaban Fir'auna, kuma ƙin biye wa matar ubangidansa Fotifar ne ya kai shi kurkuku." Ya buɗe mini Daniyel 3, ya sa yatsa a aya ta 18, inda Shadrak da Meshak da Abednego suka faɗa wa Sarki Nebukadnezzar cewa ko da Allah bai cece su daga wutar da zai jefa su ciki ba, ba za su yi wa gunkinsa sujada ba. Ya ce wannan ayar ce mutane ke tsallakewa.

Muka shiga watanni na ƙunci, matata tana ɗinki, ni ina neman aikin yini duk inda ya samu. Ana cikin haka sai ga wasiƙa daga kamfanin: masu binciken kuɗi sun gano giɓi a sito, kuma sunana yana cikin waɗanda ake tuhuma. Yadda na bayyana a gabansu, da abin da aka tarar a tsohon littafina, sai mako mai zuwa in Ubangiji ya yarda.