Ni kaɗai, ko in nemi abokiyar tafiya?

Duk lokacin da maganar tafiya ta taso a cikin mata, ba a daɗewa wata za ta tambaye ni, "Ke kaɗai? Ba kya jin tsoro?" Ina ji mana. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce duk wadda ta samu 'yan rakiya ta rabu da abin tsoro. Na yi tafiya ni kaɗai, na yi da ƙawaye, na yi cikin ayari, kuma yanzu kafin in yanki tikiti abin da nake fara dubawa shi ne halin wadda za ta zauna kusa da ni, ba yawan mutanen da za mu tafi tare ba.

Amfanin abokiyar tafiya ba a manyan abubuwa ake fara ganinsa ba. A filin jirgi ne, kin yi awa shida kina jiran jirgi na biyu, fitsari ya matse ki, ga akwati, ga jakar hannu, ga waya a jikin caji. Idan ke kaɗai ce, sai kin zare wayar, kin ja akwatin har cikin ban ɗaki, kin yi ta dabarar rufe ƙofa a wurin da ko ke kanki da ƙyar kika shiga, kin fito kin tarar wani ya zauna a kujerarki. Idan da 'yar'uwa, cewa kawai za ki yi, "Duba mini kayan nan, ina zuwa." Haka barci. Mace ita kaɗai a tasha ba ta barci, sai dai gyangyaɗi da hannun jaka a naɗe a damtse. Ga kuma kuɗi: yawancin otal ɗaki suke sa wa farashi, ba mutum ba, saboda haka wadda ke ita kaɗai ita ke biyan abin da mutum biyu za su raba, haka kuɗin tasi.

Inda na fi jin zafin kaɗaici shi ne rashin lafiya. Zazzaɓi ya taɓa kama ni a ɗakin otal a ƙasar da ba na jin harshensu. Kofin ruwa yana kan tebur, taku huɗu tsakanina da shi, amma jiri ya hana ni tashi, na kwanta ina kallonsa har gari ya waye. A daren nan da a ce akwai wadda za ta miƙo mini shi, ta taɓa goshina ta ce sannu, da na yafe mata duk wani halinta da ke ba ni haushi. Ko jaruman mata sun san da haka. Junko Tabei ta Japan, mace ta farko da ta hau ƙololuwar dutsen Everest a watan Mayun 1975, cikin tawagar mata ta tafi. Kwana 12 kafin ta kai ƙoli, ƙanƙara ta zaftaro ta binne tantinsu, 'yan jagora ne suka tono ta a sume. Akwai tafiyar da ba a yin ta sai da mutane.

To amma ayari yana da nasa haɗarin, kuma ba a cika faɗarsa ba. Idan an yi yawa, kowa sai ta saki jiki, ta ɗauka wata ce ke riƙe da ragama. Na taɓa ganin mata huɗu a bakin tashar jirgin ƙasa da tsakar dare, sun yi cirko-cirko, kowace na cewa ai ta zaci wance ce ta adana adireshin masauki. Wayar wadda ta yi rajistar masaukin ta mutu, sauran ukun ko sunan otal ɗin ba su riƙe ba. Mace ita kaɗai ba ta yin wannan sakacin, domin ta san babu wanda za ta ɗora wa. Sannan akwai matsin da ke zuwa daga ƙawaye. Zuciyarki ba ta kwanta da direban nan ba, ko da lungun nan, amma sauran sun ce "Haba, ke kin cika tsoro," sai kunya ta sa ki bi. Wannan ya fi damuna fiye da duk wata rigimar kuɗi. Abokiyar da ke raina fargabarki, gara babu ita.

Rigimar kuɗin ma ba ƙarama ba ce. Zo mu zauna, zo mu saɓa, balle tafiya, inda ga gajiya, ga yunwa, ga aljihu ba ɗaya ba. Ɗaya tana so a tashi da asuba a ga gari, ɗaya sai rana ta take. Ɗaya ta zo sayayya, ɗaya ta zo hutawa. Na san ƙawayen da suka tafi suna dariya suka dawo ba sa ga maciji.

Masu cewa mace ba za ta iya ita kaɗai ba, tsohuwar magana suke maimaitawa. Lokacin da 'yar jaridar Amurka Nellie Bly ta kawo shawarar zagaya duniya, a gidan jaridarta cewa aka yi aikin namiji ne, wai mace sai da mai tsaronta da tulin akwatuna. Ta tashi a watan Nuwamban 1889 da 'yar jaka ɗaya, ta dawo bayan kwana 72. Dokoki ma suna sauyawa. A 2019 Saudiyya ta ba matan da suka kai shekara 21 damar yin fasfo da fita ƙasar ba tare da izinin waliyyi ba, a 2022 kuma ministan Hajji da Umara na ƙasar ya sanar cewa ba a sharɗanta wa mace muharrami kafin ta zo aikin ibada. Wannan dokar ƙasa ce. Abin da mace ta riƙa a addininta da abin da suka daidaita a kai da iyalinta daban ne, kuma ina girmama wadda ta ce ita ba ta fita sai da muharraminta. Ba ta kasa kowa wayewa ba.

Ni dai idan zan tafi ni kaɗai, akwai abin da ba na sassautawa. Ina neman jirgin da zai sauke ni da rana ko da ya fi tsada, domin baƙon gari da hasken rana daban yake da baƙon gari ƙarfe biyu na dare. Daren farko ina kama masauki tun kafin in tashi, in rubuta adireshin a takarda da biro, in sauke taswirar garin a waya yadda za ta yi aiki babu intanet. Idan na shiga tasi ina kunna wa ƙanwata manunin inda nake ta WhatsApp, wanda ake iya bari har awa 8. Ina haddace lambar gaggawa, 112 a ƙasashen Tarayyar Turai, 911 a Amurka. A wurin karɓar baƙi, idan ma'aikaci ya faɗi lambar ɗakina da ƙarfi a gaban mutane, ina roƙonsa cikin ladabi ya canza mini wani. Baƙon da ya tambaye ni ko ni kaɗai ce kuwa, amsarsa ɗaya ce: ana jira na.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda mace ita kaɗai ba ta cika zama ita kaɗai ba. Mata suna ganin juna a hanya. A jiragen ƙasa na Alƙahira, Tokyo da Delhi akwai taragun da aka ware wa mata, na Delhi tun 2010, kuma inda babu irin wannan ina neman kujera kusa da dattijuwa ko mai goyo. Wata tsohuwa da ko kalma ɗaya ba mu haɗa ba ta taɓa karɓar tikitina ta duba, ta riƙe hannun rigata har aka zo tashata, ta tura ni ƙofa. Da muna cikin ayari, hirarmu za mu yi ta yi, ba za ta ko kalle ni ba.

Yanzu ga yadda nake rabawa. Tafiyar aiki, ko ta kwana kaɗan zuwa babban birni mai motocin haya har dare, ni kaɗai nake yi, kuma ina jin daɗinta sosai. Doguwar hanyar mota, wurin da babu sabis, ko lokacin da jikina ba ƙarfi, sai da mutum. Wadda za mu tafi tare kuwa, muna zama tun kafin a sayi tikiti mu yi magana ƙeƙe-da-ƙeƙe: nawa kowa za ta iya kashewa, ƙarfe nawa ake tashi, kowa ta riƙe fasfonta da kuɗinta da adireshi a jikinta, kuma idan ɗayanmu ta ce wuri bai kwanta mata ba, a juya ba tare da musu ba. Wata ƙawata da nake ƙauna ƙwarai ta ji sharaɗin ƙarshen nan ta ce na faye ƙa'ida. Har yau muna zumunci, muna ziyartar juna, amma ba ma tafiya tare.