Ƙananan kuɗin jan ƙarfe na tsohuwar Jamus da nake tarawa

Masu tara tsofaffin kuɗin Jamus galibi manyan sulallan azurfa suke bi. Ni kuwa ƙanana na zaɓa, wato Pfennig da Heller na jan ƙarfe, irin waɗanda talaka ya riƙe ya sayi burodi tsakanin ƙarni na 16 da na 18. Araha ce ta fara jawo ni, domin a kasuwannin gwanjo na Jamus akan zuba su cikin kwali a sayar da kuɗi kaɗan.

Abu na farko da na koya shi ne a duba tambari kafin rubutu. Rubutun yakan goge, ko kuma an taƙaita shi da Latin. A wancan zamani Jamus ba ƙasa ɗaya ba ce; ƙarƙashin Daular Roma Mai Tsarki da ta rushe a 1806, sarakuna da bishop-bishop da birane masu cin gashin kansu kowa na buga kuɗinsa. Tambarin mabuɗi yana iya zama na birnin Soest. Ƙafar keke tana iya zama ta Osnabrück ko ta Mainz, sai an ƙara lura. Idan ka ga ƙaton mutum mai gashi riƙe da bishiya, to daga ƙasar Braunschweig ya fito, wajen ma'adinan duwatsun Harz.

Yawansu ya fi ƙarfin mutum ɗaya, shi ya sa na tsaya kan yankin Westfalen, inda aka fi amfani da jan ƙarfe tun da wuri. Münster ta fi burge ni. A gari ɗaya, hukumar birni tana buga nata, majalisar babban coci kuma tana buga nata da hoton Manzo Bulus riƙe da takobi. Ka ajiye su gefe da gefe, III Pfennig nan, VI Pfennig can, sai ka ga yadda iko ya rabu a cikin ganuwa ɗaya. A ganina wannan ya fi duk wani ƙyallin azurfa.

Ina kuma neman na shekarun 1621 da 1622, lokacin da ake kira Kipper und Wipper, a farkon yaƙin da aka yi daga 1618 zuwa 1648. Masu mulki sun yi ta rage azurfar kuɗi suna cika jan ƙarfe don biyan sojoji, har kuɗin suka zama banza a hannun jama'a. Bugunsu na gaggawa ne, sirara, sau da yawa a karkace.

A cikin kwalayen nan akwai tarko: ƙwayoyin lissafi na Nürnberg, da yawa masu sunan Hans Krauwinckel. Suna kama da kuɗi, amma da su ake ƙirga a kan allo, ba don ciniki aka buga su ba.

Batun wanki kuwa, ba na yi. Launin ƙasa-ƙasan da ke jikinsu shi ke kare ƙarfen, kuma wanda aka goge darajarsa ta zube. Abin tsoro shi ne koren gari mai laushi da ke cin ƙarfe. Wanda ya kamu nakan ware shi nan take. Ba na sa su a leda mai taushi, sai ambulan takarda a wuri busasshe, na rubuta sunan gari da shekara da nauyi a bayan kowanne.