Godiya ga waɗanda suka tsaya wa yaronmu a jinyar sankarar jini

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, an sallami yaronmu ɗan shekara 4 daga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, bayan zangon farko na maganin sankarar jini. Gwajin ɓargon da aka zuƙo daga ƙashin ƙugunsa ya nuna cutar ta lafa. Likitoci, ma'aikatan jinya da na ɗakin gwaji, Allah ya saka muku da alheri.

Godiya ta musamman ga matasan Tudun Wada da Samaru da suka riƙa zuwa ba da jini. Wasu sun yi mamakin yawan kiran da muke yi. Dalilin shi ne cutar da maganinta duka suna danne ɓargo, inda ake ƙera jini. Ledar jan jini takan yi kwana 35 a firij, amma ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini, wato filatilet, kwana 5 kawai suke yi. Idan suka yi ƙasa, sai haɓo, sai dasashi ya fara tsiyaya, sai ɗige-ɗigen ja a ƙafafu. Namiji mai lafiya zai iya sake bayarwa bayan wata 3, don haka kada ku ƙosa da mu.

Maƙwabta da dangi, mun gode da kuka fahimci hana yara shigowa dubiya. Ba wulaƙanci ba ne, kuma cutar ba a ɗaukar ta. Garkuwar jikinsa ce ta yi rauni, ƙyanda ko ƙarambau da wani yaro zai warke cikin mako na iya kai shi gargara. Zazzaɓi ma haka: da ma'aunin zafin jiki ya nuna digiri 38, ko ƙarfe biyun dare ne, asibiti ake nufa, ba a ba shi farasitamol a jira gari ya waye. Wanda ya ajiye mana motarsa saboda irin wannan dare, Allah ya biya shi.

Masu ganin kumatunsa sun ciko suna cewa ya murmure, wannan aikin maganin prednisolone ne, shi ke sa shi yawan ci da rigima. Gashin da ya zube zai dawo.

Saura tafiya mai nisa. Maganin yakan ɗauki shekara 2 zuwa 3: ƙwaya kullum, wata kuma mako-mako, ga gwajin jini, ga allurar da ake yi ta gadon baya don kada cutar ta ɓuya a ruwan ƙwaƙwalwa. A nan ne iyaye da yawa ke yankewa, ko kuɗi ya ƙare ko a ga yaro yana wasa, sai cutar ta dawo da wuyar magani fiye da farko. Ku ci gaba da sa mu a addu'a. Duk kuma wanda yaronsa ke ɗashewa, da ciwon ƙashi da zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya, ya nemi a yi masa cikakken gwajin jini tun da wuri.