Allon darar da na yi wa ɗan yayata

Ni kafinta ne a Kano, gadaje da kujeru nake yi. Abin wasa bai taɓa shiga tsarina ba sai da ɗan yayata, mai shekara 16, ya daina fita ƙwallo, ya daina cin abinci sosai, kullum yana ɗaki kwance kamar mai zazzaɓi. Wasu suka ce iskoki ne, wasu suka ce sangarta ce. Da muka kai shi asibiti, likita ta ce ciwon damuwa ne, tunda ya wuce mako biyu a haka. Ta kuma gaya mana cewa a ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, ɗaya cikin bakwai na 'yan shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa. Yaya tana jin haka ta fashe da kuka, don a Kano da an ambaci irin wannan, hankalin mutane asibitin masu taɓin hankali na Dawanau yake tafiya.

Likitar ta ba mu aiki biyu: mu kawar da fiya-fiya da duk wani maganin ƙwari daga gidan, sannan mu samar masa ƙaramin abin yi kullum, ko da ba ya so.

Na fara da ƙwallon soso mai fuskar dariya, wai ya riƙa matsawa. Ya juya shi sau ɗaya ya ce, "Kawu, ni yaro ne?" Gaskiyarsa. Saurayi ba ya son abin da zai tona masa asiri a gaban abokai.

Sai na yanko madaci na yi allon dara mai naɗewa, gurbi 30, layi 5 sau 6, 'ya'ya 12 kowane ɓangare, ƙwallayen dabino da tsakuwa. Ban gama shi ba da gangan. Na kira shi shago ya goge gurbin da samfefa, kwana huɗu yana yi, zarto da ƙusoshi kuwa na kulle su a akwati. A nan na gane abin da ban sani ba: yaron da kunya ba ta barinsa ya haɗa ido da babba yakan yi magana idan hannunsa na aiki, idonsa na kan katako. Rana ta uku, ba tare da na tambaye shi ba, ya ce barci ba ya ɗaukarsa sai asuba.

Na ƙara gurbi ɗaya a gefe da baƙar tsakuwa. Yarjejeniyarmu ita ce, ranar da abin ya yi masa nauyi ya sa ta a ciki, ba sai ya ce komai ba. Kuskurena shi ne na gaya wa Yaya. Ta gani, ta tambaye shi a gaban ƙannensa, ya daina sawa har wata guda. Sai da na ba shi haƙuri.

Allon ba magani ba ne, yana ci gaba da ganin likita. Amma bayan la'asar muna dara a ƙofar shago, yanzu ma abokansa biyu sun fara zuwa. Jiya ya cinye ni sau uku, baƙar tsakuwar kuma tana gurbinta, don haka da suka watse na ce ya zauna mu sha shayi.